Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Jihar Kano Kan Ma'aikata Masu Lalurar Otizim

Zuwa ga Ofishin Shugaban Ma'aikata, da manyan sakatarori, da daraktocin mulki na ma'aikatu da hukumomin Jihar Kano, Sakatariyar Audu Baƙo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan wasu ma'aikata da suka daɗe a ofisoshinku amma tsarin aiki bai cika sanin da zamansu ba, wato masu lalurar otizim, wadda ake yawan kira galahanga. Buƙatarmu guda ce. Muna roƙon takardar umarni daga ofishinku da za ta fayyace yadda irin wannan ma'aikaci zai nemi a daidaita masa yanayin aiki, wa zai kai wa buƙatarsa, kwana nawa zai jira amsa, da yadda abin da aka amince masa zai bi shi in an canza masa wurin aiki ko shugaba.

Otizim ba taɓin hankali ba ne, ba kuma shafar aljanu ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya, mutum yana tare da shi har tsufa, babu ƙwaya ko allurar da ke raba su. Yana taɓa yadda mutum ke fahimtar zance da mu'amala, da yadda yake son abu ya tafi a tsari ɗaya, da yadda jikinsa ke karɓar ƙara da haske da wari da taɓi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya bai yi nisa da mutum 1 cikin 100 ba. Lalurar tana da faɗi ƙwarai. Wani ba ya magana, yana buƙatar mai kula da shi duk rayuwarsa. Wani kuwa ya gama digiri a Jami'ar Bayero, yana mataki na 8 a ofishin akanta. Wannan na biyun muke magana a kai. Da yawansu ba likitan da ya taɓa duba su, don haka sunan da suke amsawa a ofis shi ne miskili, ko bauɗaɗɗe, ko mai girman kai.

Doka ta riga ta yi nata. Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Sashe na 27 ya wajabta daidaita musu wurin aiki gwargwadon hali, sashe na 2 kuma ya lissafa ƙin yin hakan cikin nuna wariya. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda ta tanadi tarar N1,000,000 ga kamfani, N100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu daga wannan rukuni suke. Sai dai in an ambaci mai buƙata ta musamman, abin da ke faɗo wa jami'in mulki shi ne keke da sanda da gangaren siminti a bakin ƙofa. Duk haƙƙi ne. Amma mai lalurar da ido ba ya gani, nasa gangaren a cikin tsarin aiki ake gina shi.

Mu fara da umarni, don nan aka fi yin tuntuɓe. Mu Hausawa muna son sakaya zance, musamman tsakanin babba da ƙarami. Darakta ya leƙo ya ce, "Malam, in ka samu sarari ka ɗan duba mini fayil ɗin nan." Kowa a ɗakin ya san nufinsa: a ajiye komai, kafin azahar fayil yana kan teburinsa. Mai otizim abin da aka faɗa ya ji. Bai samu sarari ba, don yana kan jadawalin albashin da aka ba shi jiya, sai ya ajiye fayil gefe da zuciya ɗaya. Bayan kwana biyu a aiko masinja, a tarar ba a taɓa ba, sai takardar tuhuma. Ya amsa da iya gaskiyarsa, "Yallaɓai, cewa ka yi in na samu sarari." Amsar ta zama laifi na biyu, an ce ya yi wa babba rashin kunya. Ita ma "duba" ɗin, karantawa ake so, ko gyara, ko sharhi, ko a tura wa na gaba? Haka "za mu gani" da "sai na neme ka" in a'a ake nufi da su. Shi jira zai yi ta yi, wata ran ma ya dawo ya tuna wa shugaba alkawari.

Gyaran ba ya cin minti guda. A ba shi umarni a rubuce, a takarda ko ta WhatsApp, ɗauke da abin da za a yi, siffar da za a kawo shi, rana da lokaci, da wanda za a fara in ya ci karo da wani aikin. Misali: "Ka karanta fayil ɗin, ka rubuta mini taƙaitawa shafi 1, ka kawo Laraba ƙarfe 12. Ka dakata da jadawalin albashi sai ka gama." Kuma aiki ya riƙa fitowa daga baki ɗaya. Inda mutum uku ke ba shi aiki, kowa na cewa nasa na gaggawa ne, wanda ya iya siyasar ofis ya san wanda zai fara faranta wa. Mai otizim kan tsaya cak, ko ya bi su a jeren da suka zo, ko da na babban sakatare ne ya zo ƙarshe. A sa mutum ɗaya ya riƙa jera masa ayyukan, su zauna minti 15 a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a ce masa wannan ya yi, wannan a sake, ga yadda za a sake.

Gyaran kuskure ma a yi shi kai tsaye, a keɓe. Habaici ba ya isa gare shi. Shugaba na iya shafe wata uku yana gugar zana a gaban mutane, yana ganin ya ja kunne har ya gaji, alhali wanda ake yi dominsa bai san da shi ake ba. In an yi masa tambaya baki da baki, a ba shi kamar daƙiƙa 10 kafin a maimaita, kuma a maimaita da kalmomin farko. Sauya kalmomi a wurinsa sabuwar tambaya ce, sai ya koma farkon tunani.

Sai gaisuwa, wadda mun san ba abin wasa ba ce a Kano. Abu ɗaya ya zo wa mai otizim da sauƙi a nan: sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, don haka rashin haɗa ido da ke jawo wa takwarorinsa matsala a Turai bai cika zama laifi ba. Amma zagayen ofis-ofis da safe, da riƙe wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa, da hirar bayan azahar, da ɗaurin auren Asabar, wannan aiki ne na biyu da ba ya cikin takardar ɗaukar aiki, kuma yana cin ƙarfinsa fiye da wanda ake biyansa albashi a kai. Ba ƙin mutane yake ba. Ba ma cewa a ɗauke masa sallama. Da yawansu suna yi in an faɗa musu dalla-dalla abin da ake tsammani: ga waɗanda ake gaisarwa da safe, biki ba dole ba ne, ta'aziyya kam ana zuwa ko minti biyar ne. Abin da muke roƙo shi ne kada wannan ya shiga fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara ta bayan gida. Gurbin hulɗa da abokan aiki a cike shi da abin da ya shafi aiki. Yana miƙa fayil a kan lokaci? Yana taimakawa in an nemi taimakonsa? Yawan zama a majalisa ba ma'auni ba ne.

Yanzu ku shiga ofishin mutum takwas da rana tsaka a watan Afrilu. An ɗauke wuta, janareto na ruri a bayan taga. Fankar sama na ƙyas-ƙyas don hannunta ɗaya ya lanƙwashe. Doguwar fitila na ƙiftawa. Rediyon wani na kan shirin siyasa, wani na sauraron saƙon murya a fili, mai tallan turare ta shigo tana fesa wa kowa a hannu. Ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana tace waɗannan ta tura su baya. Ta mai otizim sau da yawa ba ta tacewa, muryar shugaba da ƙarar fanka da ƙarfi ɗaya suke iso mata. Daga nan sai kuskure a lissafin da ya iya sarai, sai ciwon kai, sai ya koma gida ba ya iya ko amsa sallamar iyalinsa.

Abu na farko a gyaran wannan shi ne tazara. A buɗaɗɗen waje, duk lokacin da aka ninka nisa daga inda ƙara ke fitowa, tana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), don haka ɗauke tebur daga jikin tagar janareto zuwa bangon da ya fi nisa ba ƙaramin sauƙi ba ne. A sa bayansa ga bango, kada ga ƙofa ko hanyar wucewa, don motsin da ba ya gani shi ke hana shi nutsuwa. Toshin kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai, yana iya rage desibel 20 zuwa 30 in an sa shi daidai: a murza shi ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Galibi rabi ake turawa, a dawo a ce ba ya aiki. Illarsa ita ce yana dushe muryar mutane, don haka wanda aikinsa ya haɗa da amsa baƙi ya fi dacewa da abin kunne mai kashe ƙara da batir, wanda ya fi iya rurin janareto da na iyakwandishan amma yana barin magana ta wuce. Abin kunnen shi zai iya saya. Abin da ba zai iya saya ba shi ne layi ɗaya a rubuce da ya ba shi izini, don in babu shi, babban da ya shigo zagaye zai ɗauka kiɗa yake ji a bakin aiki.

Tsohuwar doguwar fitila mai cok tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa a irin wutarmu, abin kuma yana ƙaruwa in ta kusa mutuwa ko wuta ta yi rauni. A kashe wadda ke saman teburinsa in hasken taga ya isa, ko a sauya ta da ƙwan LED. Shi ma mai arha yana ƙiftawa. A gwada da kyamarar waya: in layuka baƙaƙe suna yawo a fuskar wayar, a nemi wani.

Sauyin ba-zata shi ne na gaba. Takardar canjin wurin aiki da ke fitowa Alhamis ta ce a kama aiki Litinin tana girgiza kowa, amma mai otizim kan yi makonni kafin ya dawo daidai, don duk tsarin da ya gina ya rushe lokaci guda: hanya, tebur, fuskoki, yadda sabon shugaba ke magana. A sanar da shi aƙalla mako 2 kafin lokaci, a bar shi ya je ya ga wurin, a ba shi ayyukan sabon teburin a rubuce. Taro kuma a turo abin da za a tattauna kwana ɗaya kafin a zauna, a karɓi ra'ayinsa a rubuce washegari, don mafi kyawun tunaninsa ba a tsakiyar hayaniya yake zuwa ba. Wanda ke tahowa daga Kurna ko Hotoro a adaidaita sahu, in aikinsa zai ɗauka, a matso masa da lokacin shiga da na tashi da rabin awa ya kauce wa cunkoso. Awoyin aikin suna nan yadda suke.

In abubuwan nan suka taru suka fi ƙarfinsa, ɗayan biyu ke faruwa. Wani ya fashe, ya yi kuka ko ya ɗaga murya, ya toshe kunne, ya fice a guje. Wani kuwa ya ɗauke wuta, ido a buɗe amma magana ta ƙi fita. Ba da gangan ba ne, ba kuma zai iya tsayar da shi don an daka masa tsawa ba. Abin da aka saba yi a ofisoshinmu shi ne a taru a kansa, a rirriƙe shi, a yayyafa masa ruwa, wani ya kafa baki a kunnensa yana karatu da ƙarfi, a ce iska ce. Ba mai hana addu'a, a yi ta daga nesa. Amma taron da taɓawar da ƙarar su ne ainihin abin da ya kai shi nan, ƙara su tsawaita abin yake. Mutum ɗaya ya tsaya, sauran su koma kujerunsu. A kashe rediyo. Kada a taɓa shi sai in zai ji wa kansa rauni. Jimla ɗaya ta isa: "Ofishin can babu kowa, je ka zauna, ba mai biyo ka." A ba shi minti 20 zuwa 30, maganar abin da ya faru kuma sai gobe. A lura da bambanci guda mai muhimmanci: farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim. In ya faɗi, jiki na fizga, ya fita hayyacinsa, a kawar da abin da zai buge, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, in ta wuce minti 5 a yi asibiti da shi.

Hana faruwar abin ya fi sauƙi. Hutun minti 10 sau biyu a yini, a wuri shiru. Ba sai an gina ɗaki ba, masallacin ma'aikata tsakanin salloli ya fi ko'ina shiru a yawancin harabobi. Kaɗa ƙafa, murza biro, jan carbi ba ƙaƙƙautawa, duk hanyoyin da jikinsa ke sauke nauyi ne, a ƙyale shi.

Mata sun fi ɓoyuwa. Shirun mace ana karanta shi a matsayin kunya da kawaici, har a yaba mata, ita kuwa tana haddace yadda ake dariya da yadda ake amsa hira tana kwaikwayo daga safe har la'asar. Wannan ɓoyon yana da farashi. Bayan shekaru sai a ga ma'aikaciyar da ba ta taɓa makara ba ta fara fashin aiki, abin da take yi cikin awa ɗaya ya koma yini. Damuwa da fargaba sun fi yawa a tsakanin masu otizim, kuma irin wannan ƙarewar ƙarfi hutun mako ɗaya ba ya maganinta in za a dawo da ita cikin yanayin da ya jawo ta.

Ga abin da muke ganin takardar umarnin za ta ƙunsa. Kowace ma'aikata ta ware jami'i ɗaya a sashen mulki, a kafe sunansa da lambar ofishinsa, don kada ma'aikaci ya dogara da kirkin shugabansa kaɗai. Buƙata ta zo a rubuce, a zauna da mai ita cikin kwana 14, a ba shi amsa a rubuce cikin kwana 30. In an ƙi, a faɗi dalili a kuma kawo madadi. Ya halatta ya zo da wanda ya yarda da shi, ɗan'uwa ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Abin da aka amince a rubuta shi a shafi 1, a gwada wata 3, a sake zama a cire abin da bai yi amfani ba. Shafin nan ya bi shi duk inda aka tura shi. Mafi yawan irin wannan fahimta da baki ake ƙulla ta, ranar da shugaban kirki ya yi ritaya kuwa ta tafi tare da shi.

Batun takardar likita yana buƙatar hankali. Gano otizim a jikin babba ba gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa ba ne. Doguwar tattaunawa ce da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam, da tarihin ƙuruciya daga iyaye ko yayye, sau da yawa a zama fiye da ɗaya. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, amma kowa ya san abin da za a ce da ma'aikacin da aka ji yana zuwa Dawanau. Don haka gyaran da ba ya cin kuɗi, kamar umarni a rubuce da sauya tebur da izinin abin kunne, kada a jingina shi da takarda. A nemi takarda in abin ya shafi lokacin aiki ko sauya nau'in aikin. Kuma takardar ta faɗi abin da yake buƙata, ba sai ta zayyana tarihinsa ba. Kada a jefa ta a buɗaɗɗen fayil da ke yawo hannun masinja daga tebur zuwa tebur. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Shugabansa na kusa ya san abin da aka amince, sunan lalurar kuwa mai ita kaɗai ke da ikon faɗa.

A intabiyu da jarrabawar ƙarin girma, a yi tambaya ɗaya-ɗaya, a guji irin "ba mu labarin kanka" da ba ta da iyaka, a ba shi aikin gwaji na minti 30 irin wanda zai yi a tebur, a zaunar da shi gefen zaure ko ƙaramin ɗaki. Sabon ɗauka kuma a yi masa duk wannan tun farkon shekara 2 na gwaji, kada a jira lokacin tabbatarwa ya zo fayil cike da tuhuma.

Za a ce in an buɗe wannan ƙofa kowa zai shigo. Wanda ya nemi a rubuta masa umarni da ranar kawowa ai ɗaure kansa ya yi, malalaci ba ya neman haka. Za a ce babu kuɗi. Cibiyar Job Accommodation Network ta Amurka, wadda ta daɗe tana tambayar masu ɗaukar ma'aikata, ta sha samun cewa kusan rabin irin waɗannan gyare-gyare ko fiye ba sa cin ko kwabo. Daidaitawa kuma ba sassauta ma'aunin aiki ba ce: lissafin da ya kamata ya daidaita sai ya daidaita, wanda ya ci zarafin abokin aiki a hukunta shi. Muna kuma jan hankali kan ɗaya gefen, masu ɗauka duk mai otizim gwanin kwamfuta ne ko lissafi. Wasu haka ne, wasu a'a. Kada a tura mutum ɗakin ajiyar fayil ya shekara goma a mataki ɗaya don an ce ba ya son mutane. A tambaye shi abin da ya iya.

Shawararmu ita ce a fara da ma'aikatu uku masu yawan ma'aikatan tebur na tsawon wata 6, a ba jami'an da aka ware da shugabannin sassa horon rabin yini, a gayyato ma'aikata masu otizim da suka yarda su yi magana su duba daftarin kafin a sa hannu. Ranar 2 ga Afrilu ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim tun 2007, muna roƙon takardar ta fito kafin mai zuwa, a kuma aika kwafinta ga Hukumar Kula da Ma'aikata ta jiha da ƙungiyoyin ƙwadago.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, malaman ilimi na musamman da jami'an kula da ma'aikata, Kano.